Martani: Ɗakin Kwamfutar 'Yan Firamare Ba Kwalliya Ba Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan shigar da kwamfuta makarantun firamare na gwamnati, na kuma ga irin karɓuwar da ta samu, har a wurin wasu masu faɗa a ji a harkar ilimi. Abin da ya tsaya a kai shi ne, duk kuɗin da ake warewa don gyara ɗaki, ƙera tebura da kujeru na musamman da jan wayoyin wuta, asara ce kawai, kuma kafa ce da 'yan kwangila ke bi su wawure dukiyar jama'a. A ganinsa, a tattara kuɗin kaf a sayo na'urori masu yawa, in da hali kowane yaro ya samu tasa, a zuba su a azuzuwan da ake da su, bisa bencinan da ke nan. Ya ƙara da cewa yaran zamani ba sa bukatar a tsara musu wuri, da zarar na'ura ta shiga hannunsu su da kansu za su koya.

Ba na shakkar kyakkyawar niyyar Malam marubucin. Amma shawarar tasa, in aka bi ta, za ta jawo asarar da yake gudu har da ƙari, kuma 'ya'yan talakawan da yake tausaya wa su ne za su kwana ciki.

Akwai inda muka haɗu da shi. Duk mai yawo a makarantunmu ya san irin ɗakin da Malam yake kuka da shi: an shimfiɗa tayil, an rataya labule mai tsada, an kafa na'urar sanyaya ɗaki a garin da wuta ba ta zama, an jera kujerun ofis masu juyawa, an yanka ƙyalle an ɗauki hoto. Daga ranar aka garƙame ƙofa, makulli ya koma aljihun hedimasta, ba a sake buɗewa sai in manyan baƙi sun zo. Wannan ɓarna ce, kuma ya yi daidai da ya fito ya faɗa. Inda muka rabu shi ne a gano cutar. Wancan ɗaki bai lalace don an kula da tsarinsa ba. Ya lalace ne don an tsara shi saboda idon baƙo, ba a tuna da yaron da zai zauna ciki ba, ba a kuma tambayi malamin da zai koyar ba. Maganin mummunan tsari shi ne a gyara shi. Malam kuwa cewa ya yi a yi watsi da tsarin gaba ɗaya.

Shawarar a raba wa kowane yaro na'ura ba sabuwa ba ce, an gwada ta, kuma an ga inda ta kai. A shekarar 2005 ne Nicholas Negroponte na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka ya shelanta shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa, wadda aka yi ta tallata cewa dala 100 za ta tsaya. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa. A 2007 aka kai gwajin makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, aka kuma yi ta maganar gwamnati za ta sayi guda miliyan ɗaya. Cinikin bai tabbata ba, shirin bai bazu ba. Ƙasar Peru kuwa ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara 319 na ƙasar, bayan wata 15 da raba na'urorin. Kwamfutoci sun wadata, kusan kowane yaro da tasa, amma ba a ga wani ci gaba a jarrabawar lissafi da ta harshe ba, sai ɗan abin da aka gani a gwajin kaifin tunani.

A nan Afirka, gwamnatin Uhuru Kenyatta ta hau mulki a Kenya a 2013 da alkawarin ba kowane ɗan aji ɗaya kwamfuta. Sai a 2016 aka fara raba ƙananan na'urorin hannu. Zuwa 2019 ma'aikatar ilimin ƙasar ta sanar da cewa za ta karkata ga gina ɗakunan kwamfuta a makarantu. Wato sun fara daga inda Malam yake so mu fara, suka kashe maƙudan kuɗi, daga baya suka dawo kan ɗakin da yake cewa a jingine.

Na san za a kawo mini Yurugwai, domin ita ce ƙasar da shirin kowane yaro da kwamfutarsa ya fi yin nasara. Ta fara shirin Ceibal a 2007, zuwa 2009 ta ba kowane ɗan firamaren gwamnati tasa. Sai dai ƙasa ce da jama'arta ba su kai miliyan 4 ba, makarantunta na da wuta, kuma gwamnati ta haɗa rabon da jona intanet a makarantu, da horar da malamai, da wuraren gyaran na'urorin da suka lalace. Irin tanadin da Malam ya kira ɓata kuɗi, shi Yurugwai ta yi, shi ya sa nata ya tsaya da ƙafafunsa.

Batun cewa yara za su koya da kansu kuwa, asalinsa gwajin da Sugata Mitra ya yi a Delhi ta Indiya a 1999, inda ya kafa kwamfuta a cikin bango a wata unguwar marasa galihu, yara suka taru suka gano yadda ake sarrafa ta. Gaskiya ne yaro ba ya tsoron na'ura. Amma a dubi gwajin da kyau. An kafa kwamfutar daidai tsayin yaro, an tsare ta a cikin bango, an jona mata wuta, yaran kuma a rukuni suke aiki, wannan ya danna wancan ya gyara masa. Ko shi ɗin ma tsari ne. Sa'annan iya buɗe hoto da wasa daban, iya buga sakin layi ba kuskure, adana aiki a nemo shi gobe, da warware lissafi bisa manhajar karatu daban. Na biyun sai da malami, da wurin zama, da lokaci tsayayye a jadawali.

Yanzu mu zo kan bencin da Malam ya ce ya wadatar. Teburin ofis na babban mutum tsayinsa yakan kai santimita 72 zuwa 76. Yaro ɗan shekara bakwai in ya zauna gabansa, madannai suna daidai ƙirjinsa, dole ya ɗage kafaɗu ya karya wuyan hannu kafin ya buga harafi, ya kuma ɗaga haɓa sama kafin ya ga allo. Ƙafafunsa suna reto ba su taɓa ƙasa ba, bakin kujera yana danne masa bayan cinya. Ba a minti goma zai fara mutsu-mutsu, ya durƙusa bisa kujera ko ya miƙe tsaye, malami ya ce ba ya jin magana, alhali jikinsa ne ya gaji. In kuma aka ɗora na'urar bisa bencin aji mai ƙuntatacciyar fuska, wanda yara huɗu ko biyar ke matse a kai, gwiwar hannu ɗaya ta isa ta tunkuɗo ta ƙasa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ƙasashen Turai suna da ma'aunin kayan zaman makaranta mai lamba EN 1729, wanda ya kasa tebur da kujera bisa tsayin yaro, kowane da launinsa. Ga ƙananan 'yan firamare, kujera santimita 31 da tebur 53. Ga na tsakiya, kujera 35 da tebur 59. Ga manyansu, kujera 38 da tebur 64. Ba sai an yi odarsu daga waje ba. Duk kafintan da ke da tef da zarto a Kano ko Zariya ko Gusau zai ƙera su in aka ba shi awon. Ƙa'idar mai sauƙi ce: tafin ƙafa ya zauna a ƙasa, gwiwar hannu ta yi daidai da fuskar tebur, saman allon kwamfuta ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan, nisansa kuma kamar tsawon hannun yaron in ya miƙa. Tunda ɗaki ɗaya ne 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida za su yi amfani da shi, a yi tebura hawa biyu, a kuma tanadi 'yan katakan taka ƙafa ga waɗanda ba su kai ba. A zagaye kusurwar tebur kada ta yanki goshi. Kujerar katako mai majingini ta fi mai taya da juyawa, domin ta fi ƙarko, ta fi araha, kuma ba ta zama abin wasa.

Jerin teburan ma ba abin rainawa ba ne. In aka jera su sahu-sahu suna fuskantar allo kamar ajin yau da kullum, bayan kwamfutoci kawai malami zai riƙa gani, bai san wa ke aiki ba, wa ya maƙale, wa ya shiga inda bai dace ba. Wayoyi kuma dole su ratsa tsakar ɗaki inda ƙafafu ke bi. Amma in aka bi bango uku da teburan, allunan suka fuskanci tsakiya, malami yana tsaye wuri ɗaya zai ga aikin kowa da kallo ɗaya. Wayoyin su bi bango a cikin bututunsu. Tsakar ɗakin ta zama fili, a shimfiɗa tabarma ko a sa dogon tebur, inda yara za su juyo su saurari bayani, su tsara aikinsu a takarda kafin su koma kan na'ura. Malamin da ya taɓa ƙoƙarin yi wa yara arba'in magana alhali allo na haskawa a gabansu ya san darajar wannan fili. A kuma lura da taga: hasken ya shigo ta gefe. In ya fito ta bayan yaro zai haske allon, in ta gabansa ne zai kashe masa ido. Malami ya riƙa tsayar da su lokaci-lokaci su ɗauke ido su dubi nesa, su miƙe su motsa jiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a maƙalar shi ne ko sau ɗaya ba a ambaci yanayin ƙasarmu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma kwamfuta da fankarta take zuƙo iska, ta zuƙo har da ƙurar, ta toshe, ta yi zafi, ta mutu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da maƙwabtansu, ajin da ke da kwano ba silin kuwa ya fi waje zafi. Da damina ga yoyo, ga tsawa da ke bi ta waya ta ƙone duk abin da ke jone. Yawancin azuzuwanmu tagoginsu ba murfi, ƙofofinsu ba sakata, ƙasansu ya farfashe. A irin wannan ɗaki ne Malam yake so a ajiye kayan miliyoyin naira? Ba a sayen doki kafin a kafa turke a tanadi harawa. Abin da ɗakin ke bukata ba shi da yawa: rufi marar yoyo, silin, tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, da raga da murfin da za a rufe lokacin ƙura, daɓen siminti mai sulɓi da za a goge da jiƙaƙƙen tsumma, fanka biyu ko uku, mayafin yadi ga kowace na'ura, da ƙofar ƙarfe da sandunan taga saboda ɓarayi. Babu tayil a ciki, babu na'urar sanyaya ɗaki.

Wuta ita ce kan gaba, kuma ita ce ya kamata ta faɗa mana irin na'urar da za mu saya. Babbar kwamfutar tebur da allonta takan ci wajen wat 100 ko fiye. Guda 20 sun kai wat 2,000 ke nan, ban da fanka da fitila. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a 2012 musamman don koyar da yara, ita da allonta ba su cika wuce wat 25 zuwa 30 ba, guda 20 wajen wat 600. Wannan bambanci shi ne tsakanin makarantar da za ta dogara da janareta da man da ba ta da kuɗinsa, da wadda faifan sola kaɗan za su riƙe ta. Sa'a kuma, lokacin makaranta shi ne lokacin rana, don haka ba a bukatar tarin batura. Wanda ya fara sayen na'ura kafin ya yi wannan lissafi, ya riga ya ɗaure makarantar da nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Sai batun rai, wanda ya fi komai. Wutar da ke soket a Najeriya ta kai bolt 230, tana kisa. In aka bi shawarar Malam aka zuba na'urori a aji haka nan, abin da zai biyo baya sananne ne: doguwar waya ta kasuwa a jona bisa wata, a ja ta ƙarƙashin benci, inda yara marasa takalmi ke taka daɓe mai laima. Ɗakin yara yana bukatar ƙwararren mai aikin wuta, da wayar da aka binne a ƙasa don janye wutar da ta ɓalle, da na'urar da ke yanke wuta nan take in ta taɓa mutum, da soket masu murfi, da makunni guda kusa da malami wanda zai kashe ɗakin gaba ɗaya. Batura da inbata su zauna a wani ɗan ɗaki mai iska, a kulle, domin baturan ruwa suna fitar da iskar da ke kama wuta. A rataya tukunyar kashe gobara irin ta kayan lantarki, ƙofa kuma ta riƙa buɗewa waje. Ban ga uban da zai kira waɗannan kwalliya ba in ɗansa ne a ɗakin.

Tsari ne kuma yake tabbatar da adalci tsakanin yara. Yaron da ke kan keken guragu yana bukatar gangare a bakin ƙofa, ƙofa mai faɗi, da tebur ɗaya da kekensa zai shige ƙarƙashi. Mai raunin gani a sa shi inda haske ya fi kyau a ƙara masa girman rubutu. In yara biyu ne a kan na'ura ɗaya, a yi teburin da faɗin da zai ɗauke su duka, malami kuma ya riƙa sauya mai riƙe da linzami, in ba haka ba masu ƙarfi za su mamaye, 'yan mata da masu kunya su ƙare zango suna kallo. A inda iyaye suka fi natsuwa da a zaunar da mata gefe guda, sai a yi hakan, muddin na'urorinsu da lokacinsu daidai suke da na maza.

Malam ya auna nasara da yawan na'urori. Ni ina ganin a auna ta da yawan sa'o'in da yaro ya samu yana aiki. Ɗauki makaranta mai ɗalibai 600. Da kwamfuta 20 kacal, yara biyu a kowace, ɗakin zai ɗauki 40 a zama ɗaya. Zama 15 ya isa kowa ya shiga, wato uku a rana daga Litinin zuwa Juma'a. In aka yi shida a rana, kowane yaro zai shiga sau biyu a mako, shekara shida a jere. Na'ura 20 da ke aiki kullum sun fi 600 da rabinsu za su fashe, ko caji ya gagara, ko su ɓace kafin ƙarshen shekara. Ba kuma lallai sai da intanet ba. Akwai Kolibri da Kiwix da ke ajiye darussa da Wikipedia, har da ta Hausa, a na'ura ɗaya sauran su ɗauka daga gare ta. Akwai Scratch da yara ke koyon tsara umarni da shi, da GCompris da Tux Paint na ƙanana, duka kyauta. A kuma saita madannan yadda yaro zai iya buga ɓ da ɗ da ƙ, ya rubuta sunansa da harshensa daidai.

Tsoron cin kuɗi da Malam ya kafa hujja da shi, in aka duba, ya fi ƙarfi a ɓangaren da yake goyon baya. Kwangilar sayo dubban na'urori a ofis ɗaya ake ƙulla ta, ba uban yaro ko ɗaya da zai iya sanin ainihin farashi ko ingancin abin da ke cikin kwali. Tebur da silin da ƙofa kuwa, kowa a gari ya san kuɗin katako da buhun siminti, ya san kafinta da mai walda. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda iyaye da masu unguwanni ke ciki, za su iya tsayawa a kan aikin su ƙirga da idonsu, kuɗin kuma ya zauna a hannun masu sana'ar garin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi na karɓa in sun kawo nasu kason, kuma gini da kayan zama suna cikin abin da ake kashe kuɗin a kai. Hanyar tana nan. Abin da ya rage shi ne a sa ido, a kuma ware wani kaso tun farko don gyara, da horar da malamai aƙalla biyu a kowace makaranta, don kada a canza wa ɗaya wurin aiki ɗakin ya mutu.

Maganar ba ta jiran gobe. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma mun sha ganin ɗalibai masu ƙoƙari daga ƙauyukanmu waɗanda ranar jarrabawar ce ranar farko da suka riƙe linzami. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni da Malam burinmu ɗaya ne, ɗan talaka ya san kwamfuta tun yana firamare. Saɓaninmu a kan abin da za a fara ne.

Don haka ina kira ga hukumomin ilimin firamare na jihohi, da 'yan majalisar da ke kai ayyukan mazaɓu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni: kafin ku sayi kwamfuta ko ɗaya, ku je makarantar, ku zauna da malamai, ku auna tsayin yaran, ku duba rufi, ku yi lissafin wuta. Ku tanadi malami, da wuta, da ɗaki, da wurin zama, sa'annan na'ura ta zo ta tarar da su. Shi kuma Malam, ina roƙonsa ya ziyarci ajin firamare na gwamnati a tsakiyar watan Afrilu, ya zauna bisa bencin da yake magana a kai na tsawon darasi guda, sa'annan ya sake duba shawararsa.